Taswirar fulotai muna da ita, ta ruwa fa?

Kwanakin baya, a wani shirin rediyo na safe, wani jami'in gwamnati ya yi ta lissafa rijiyoyin burtsatse da za a haƙa a bana. Sai mai gabatar da shirin ya jefa masa tambaya ɗaya: to, waɗanda aka haƙa a shekarun baya, nawa ne ke ba da ruwa yanzu, kuma a ina suke? Jami'in ya yi gyaran murya, ya ce wannan kam sai an koma ofis an duba fayil. Daga nan ya ci gaba da lissafin sababbi.

Ba na zarginsa da ɓoye wani abu. Ina kyautata zaton ko ya koma ofis ɗin ba zai samo amsar ba, domin ba a taɓa tara ta a wuri guda ba. Ƙaramar hukuma ta haƙa nata, jiha ta haƙa nata, ɗan majalisa ya kawo nasa na aikin mazaɓa, ƙungiyoyin agaji sun yi nasu, attajiri ya yi wa mahaifinsa sadakatul jariya. Kowa ya ɗauki hoto ranar buɗewa ya kama gabansa.

Ra'ayina a kan wannan ba mai kwana-kwana ba ne. Kada gwamnati ta ƙara sa hannu a kwangilar burtsatse, ko yashe kogi, ko gina madatsa, sai ta fara ɗora ruwan da muke da shi a kan taswirar kwamfuta mai ɗauke da bayanai, irin wadda ake kira GIS. Kuma taswirar ta zama a buɗe, duk mai waya ya iya dubawa.

Aikin nata ba wani tsafi ba ne. Ana ɗaukar hoton ƙasa daga tauraron ɗan'adam, a ɗora garuruwa da ƙauyuka a kai, a ɗora koguna da fadamu da kududdufai, a ɗora irin dutse ko yashin da ke ƙarƙashin ƙasa, sannan a sa kowace rijiya a daidai inda take. Ka taɓa ɗigon rijiya, ya gaya maka shekarar da aka haƙa ta, zurfinta, wanda ya yi kwangilar, da ko tana aiki. Sai ka tambayi kwamfutar: nuna mini duk ƙauyen da babu famfo mai aiki kusa da shi. Ta nuna.

Ba baƙon abu ba ne a wurinmu

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mun iya wannan aiki, mun daɗe muna yin sa. Abuja na da AGIS, Kaduna na da KADGIS, Kano na da KANGIS, wato ofisoshin da ke riƙe da taswirar filaye a kwamfuta. Duk wanda ya taɓa neman takardar mallakar fili ya san fulotinsa yana cikin kwamfuta, da lambarsa da faɗinsa da kuɗin ƙasar da ake bin sa. Inda akwai kuɗin shiga, ba a ce fasahar ta fi ƙarfinmu ba.

Haka aka yi da shan-inna. Da can masu allurar rigakafi da taswirar da aka zana da biro suke fita, ana tsallake rugage da ƙananan unguwanni ba tare da kowa ya sani ba. Da aka koma amfani da hotunan tauraron ɗan'adam, aka gano matsugunan da ba su cikin kowane lissafi. Aka kuma riƙa ba ma'aikata wayoyi masu nuna inda suka taka, don a san wanda ya shiga lungu da wanda ya zauna a gindin bishiya ya cike takarda. A watan Agusta na 2020 aka tabbatar da cewa an kawar da ƙwayar cutar ta asali daga Afirka. Taswira kaɗai ba ta yi wannan aikin ba, amma tana cikin abin da ya yi shi, kuma yaranmu na Kano da Katsina da Borno ne suka yi ta yawo suna tattara bayanan.

To me ya sa ruwa, wanda kowane gida ke nema kafin a ɗora tukunya, shi ne aka bar wa ƙwaƙwalwar wani darakta da zai yi ritaya gobe?

"Ai ba taswira za mu sha ba"

Wannan ce maganar farko da za a yi mini, kuma mai yin ta yana da hujja. Matar da ke sayen kurar ruwa a wurin ɗan ga-ruwa kullum safiya ba ta da lokacin jin labarin kwamfuta. Ruwa take so.

Amma a duba yadda ake rasa ruwan. Birnin Kano da mafi yawan yammacin jihar a kan fa suke zaune, tsohon dutse mai tauri. A irin wannan ƙasa ruwa yana maƙalewa ne a tsage-tsagen dutse da kuma inda dutsen ya ruɓe. Za ka haƙa nan ka samu, ka matsa taku hamsin ka sha ƙura. Idan ka nausa gabas, wajen Haɗeja, Nguru har Maiduguri, ƙasar ta sauya ta zama yashi da laka masu kauri na yankin Tafkin Chadi, inda ruwa yake shimfiɗe hawa-hawa. Sakkwato ma a kan irin nata shimfiɗaɗɗen yashin take, wanda ya ratsa har cikin Nijar da Mali. Masana ƙasa sun san wannan tun da daɗewa. Amma sau da yawa ba su ke zaɓar inda za a kafa injin haƙa ba. Ana zaɓar ƙofar gidan wanda ya kawo ƙuri'a. Idan aka haƙa ba a samu ruwa ba, a rufe ramin, ba wanda zai rubuta cewa an gwada nan an faɗi. Bayan shekara uku wata hukumar ta zo ta sake haƙawa a gefen wancan ramin.

Rijiyar da ba ta ba da ruwa ba ma bayani ce mai daraja, in an rubuta ta. Kuɗin jama'a aka kashe aka sayi wannan sanin, sannan aka zubar da shi.

Sai kuma waɗanda suka ba da ruwa suka mutu. Duk wanda ke bin hanyoyin karkara ya san siffarsu: famfon tuƙa-tuƙa a kan dandamalin siminti da ya tsattsage, hannun ya saki yana lilo, yara suna hawa suna wasa, awaki kwance a inuwar allon da ke ɗauke da sunan wanda ya kawo aikin. Ka kira mai gyara ya kwance kan famfon, ya zaro rodi ɗaya bayan ɗaya, ya nuna maka wata ƴar roba da ta cinye a can ƙasa. Abin da zai ci bai kai kuɗin man motar tawagar da ta zo buɗe rijiyar ba. Amma gyara ba shi da ranar biki, sabon haƙa yana da ita. Da a ce akwai taswirar da ke nuna jan ɗigo a duk inda famfo ya tsaya, kowa na gani a wayarsa, da shugaban ƙaramar hukuma zai ji nauyin neman kuɗin sababbi goma alhali ja ya cika masa gari.

Ga kuma lafiya. A 2021 cutar amai da gudawa ta kama sama da mutum dubu 100 a Najeriya, ta kashe sama da 3,000, kuma jihohi irin su Bauchi, Kano, Jigawa da Zamfara na cikin waɗanda suka fi jin jiki. A unguwanninmu masu cunkoso, tsakanin masai da rijiyar maƙwabci wani lokaci katanga ɗaya ce. Idan aka ɗora gidajen marasa lafiya a kan taswirar rijiyoyi, cikin kwana biyu za a ga wace rijiya ce ta haɗa su, a rufe ta ko a zuba mata magani, maimakon a yi ta raba takardar wayar da kai.

Kogi ɗaya, kowa na kallon gabansa

Inda rashin taswirar bai-ɗaya ya fi yi mana illa shi ne kogin Haɗeja da abin da ya biyo bayansa. Kogin Kano da na Challawa su ne suke haɗuwa su zama kogin Haɗeja. Shi kuma ya gangara ta Wudil da Ringim zuwa Haɗeja, ya bazu cikin dausayin Haɗeja da Nguru, ya haɗu da kogin Jama'are wajen Gashuwa, daga nan a kira shi Komadugu Yobe. Ya wuce Geidam, ya zama iyaka tsakanin Najeriya da Nijar ta wajen Diffa, ya faɗa Tafkin Chadi. Manomin tumatir na Kadawa, masuncin Nguru da manomin tattasai na Diffa daga ƙwarya ɗaya suke sha, ko da ba su san juna ba.

An kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Audu Baƙo, ta Challawa kuma a 1992. Ba na cikin masu zagin waɗannan madatsu. Su suke shayar da birnin Kano, su suka sa Kura da Bunkure da Garun Malam suka zama abin da suke a noman rani. Amma sun sauya halin kogin. Da can ruwa yakan zo da ƙarfi da damina, ya malale fadama, ya ja da baya, kogin ya ƙafe da rani. Mutane sun gina rayuwarsu a kan haka: shinkafa idan ruwa ya hau, wake da alkama da kayan lambu idan ya janye, kamun kifi a tsakani, makiyaya kuma su shigo da rani. Da aka koma sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara, sai ciyawar kacalla ta samu abin da take so, wato ruwa maras zurfi da ba ya ƙafewa.

Kacalla ta toshe hanyoyin ruwa. Laka ta taru a gindinta. Wasu rassan kogin, irin su Burum Gana, suka shaƙe, ruwa ya karkata ya fi bin mashigar Marma zuwa tafkin Nguru. Sakamakon shi ne wasu garuruwan gonakinsu suna cikin ruwa shekara da shekaru, wasu kuma da ke ƙasa suna jiran ruwan da ba ya isowa. Ga tsuntsayen jan-baki sun samu maɓoya a cikin ciyawar, suna fitowa su cinye gero da shinkafa. A Guri da Kirikasamma ba sai an yi wa kowa bayanin wannan ba.

Me mutane suke yi? Kowane gari yana kare kansa. Waɗannan su yi gayya su sare kacalla su buɗe hanya, waɗancan su cika buhuna da ƙasa su yi jinga. Jingar da ta ceci wannan gari ita ce ke tura ruwa cikin gonakin na gaba. Ba mugunta ba ce, ba wanda ke ganin kogin gaba ɗayansa ne. Gwamnati ma idan ta kawo injin yashe, sau da yawa inda aka fi kuka ake kai shi, ba lallai inda toshewar ta samo asali ba.

Alhali hoton yana nan. Taurarin Landsat na Amurka suna ɗaukar hoton duniya tun 1972, wato kafin a rufe Tiga, kuma tun 2008 aka bar wa kowa hotunan kyauta. Na Turai, Sentinel-2, yana sake ɗaukar wuri ɗaya duk bayan kimanin kwana biyar, kyauta shi ma. Ɗalibin labarin ƙasa a Jami'ar Bayero ko ta Dutse zai iya jera hotunan dausayin shekara bayan shekara, ya nuna inda kacalla ta faro, inda ta kai, da wace mashiga ce in aka buɗe ta ruwa zai koma hanyarsa. Wasu ma sun yi, a kundin digirinsu. Kundin yana kan kanta yana shan ƙura.

Akwai hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are tun 1976. A 2006 jihohin Kano, Jigawa, Yobe, Borno, Bauchi da Filato suka kafa asusun haɗin gwiwa don kula da wannan kwari. Hukumomi ba su yi mana kaɗan ba. Abin da babu shi ne allo ɗaya da mai buɗe ƙofar Tiga, da jami'in Jigawa, da sarkin ruwan Nguru za su kalla a lokaci guda su ga abu ɗaya.

Maganar madatsar Kafin Zaki a kan kogin Jama'are ma haka take. Tun zamanin Shagari ake ta, Bauchi na so don noman rani, Yobe da Borno na tsoro domin Jama'are ne ke kai musu mafi yawan ruwan da ke isa Gashuwa. Ni ba zan yanke hukunci a nan ba. Amma gardamar da aka shekara arba'in ana yi da baki, ya kamata a ce an baza ta a kan taswira, an ce ga kadadar da za a samu a sama, ga wadda za a rasa a ƙasa, kowa ya gani da idonsa kafin ya ɗaga murya.

Ambaliya

A nan ba sai na ja zance ba. A watan Satumba na 2024 madatsar Alau da ke kan kogin Ngadda ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri cikin dare, ya mamaye Gwange, ya shiga babbar kasuwa da asibitin koyarwa. Irin haka ta taɓa faruwa a 1994. Shekara talatin ke nan tsakani, isasshen lokacin da za a zana wace unguwa ruwa zai fara shiga, wace hanya za ta yanke, ina tudun da za a gudu.

Hukumar NIHSA ta tarayya, mai lura da yanayin ruwan koguna, tana fitar da hasashen ambaliya duk shekara, kuma aikinta na da amfani. Sai dai idan aka ce wa mutum ƙaramar hukumarsa na cikin haɗari, ba a gaya masa komai ba. Yana so ya san ko layinsu ne. Wannan aikin jiha ne da ƙaramar hukuma, kuma da taswirar tudu da kwari ake yin sa.

A Kano kuwa, duk wanda ya haura shekara arba'in zai iya nuna maka gidaje da shaguna ya ce nan kududdufi ne da. Ruwan sama bai san an sayar da wurin ba. Ofishin da ke da taswirar fulotai a kwamfuta, da zai ɗora tsofaffin kududdufai da hanyoyin ruwa a kanta, da ya san fulotin da bai kamata ya ba wa takarda ba.

"Dattawanmu sun san inda ruwa yake"

Sun sani, kuma wannan hujja ce a gare ni, ba a kaina ba. Tauraron ɗan'adam ba ya ganin ƙarƙashin ƙasa sosai. Ba zai gaya maka rijiyar kaza ruwanta na da zartsi ba, ko tana ƙafewa a watan Afrilu, ko tsohuwar hanyar kogi ta bi ta bayan makarantar firamare. Mai unguwa ya sani, maginin rijiya ya sani, bulama ya sani, matan da ke ɗiba sun fi kowa sani. Taswirar da aka zana a ofis mai sanyi ba tare da su ba, ado ce kawai. Amma dattijo yana rasuwa da saninsa, kuma sanin dagacin Auyo ba ya isa kunnen injiniyan da ke Tiga. A rubuta abin da suka sani, a ɗora a inda ya dace, da sunan garin yadda mutanen garin ke kiransa.

Kuɗi da tsoro

Masu cewa abin da tsada, a tambaye su me suka lissafa. Manhajar QGIS, wadda ake haɗa irin wannan taswira da ita, kyauta ce. Hotunan kyauta ne. Wayar da ke aljihun kowane matashi tana iya ɗaukar daidai inda rijiya take ko babu intanet, ta aika daga baya. Cibiyar nazarin albarkatun ruwa ta ƙasa tana nan a Mando, Kaduna. A Yamai akwai cibiyar AGRHYMET da ke irin wannan aiki ga ƙasashen Sahel tun 1974. Najeriya ta harba tauraronta na ɗaukar hoto tun 2003. Inda kuɗi zai shiga da gaske shi ne ma'aunan ruwa a bakin koguna da albashin masu karanta su kullum, kuma ko wannan bai kai kuɗin rijiyoyin da ake haƙawa a banza ba. Abin da nake tsoro shi ne a mayar da shi kwangila: a kira kamfani daga waje, a sayi manyan kwamfutoci, a yi taron ƙaddamarwa a otal, bayan shekara biyu lasisi ya ƙare, wanda ya san lambar sirri ya bar aiki.

Akwai wani tsoron da na fi ɗauka da muhimmanci. Mutum zai ce, yau ka rubuta burtsatsen gidana, gobe ka aiko mini da takardar haraji. Wanda ya ga yadda ƙudirin dokar albarkatun ruwa ta ƙasa ya yi ta tayar da ƙura a majalisa ya san mutane ba su yarda da gwamnati a kan ruwa ba. Don haka a fara da na gwamnati: duk rijiya, famfo, tanki da madatsar da aka yi da kuɗin jama'a. Na gidaje a bar su tukuna. Sai dai masu manyan burtsatse na kasuwanci, masu gidajen ruwan leda da masana'antu, waɗanda ke zuƙe ruwan unguwa har rijiyoyin maƙwabta su ƙafe, su kam ban ga dalilin ɓoye su ba.

Kuma mu faɗi gaskiya, ba talaka ne ya fi tsoron wannan taswira ba. Ranar da aka ce kowace rijiyar da aka biya kuɗinta sai an nuna ɗigonta da hotonta, za a samu waɗanda suke cikin takarda amma babu su a ƙasa. Za a ga mazaɓar da famfuna suka yi cincirindo a unguwa ɗaya, ƙauyuka goma na gefe babu ko ɗaya. Shi ya sa na nace a buɗe ta ga kowa. In aka kulle ta a ofishin kwamishina, fayil ɗin nan ne dai ya koma cikin kwamfuta.

Wahalar da ta rage ita ce sabuntawa, domin famfon da ke aiki yau yana iya tsayawa jibi. A kowace ƙaramar hukuma akwai masu gyaran tuƙa-tuƙa da masu haɗa sola da suke zagaya ƙauyuka a kan babur. A ba su manhajar cikin Hausa, a riƙa biyansu ɗan abin mai a kan kowane rahoto mai hoto, a kuma ba masu unguwanni lambar da za su aika saƙo idan famfo ya tsaya. Duk wata uku a buga taswirar mazaɓa a babbar takarda, a liƙa a ƙofar fadar hakimi da sakatariyar ƙaramar hukuma, saboda waɗanda ba su da babbar waya.